Yaya Talatu, Gobe Zan Kira Sunansa

Zuwa ga yayata abar girmamawa, Hajiya Talatu mai atamfa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka inda kike. Ni ce Azumi, ƙanwarki mai koko ta unguwar Maamobi a nan Gana, wadda kika sha gaya wa cewa bakinta sai ya kai ta gaban hukuma. To Yaya, bakinki ya kama ni. Gobe Alhamis da ƙarfe tara na safe zan tsaya gaban mutum uku na gwamnati. Abin da za ki yi wa dariya shi ne, duk surutuna na shekara sittin da ɗoriya bai kai ni can ba, sai kalma ɗaya da na kasa faɗa.

Shekara shida ke nan da rasuwarki, ban taɓa ɗaukar biro da sunanki ba. Na san halinki. Ko a can kike sai kin duba rubutuna kin ce kamar kaza ta bi ta kan gari. Aji huɗu na yi Inna ta cire ni don in riƙe mata ludayi, sai ki yi haƙuri da abin da ya samu. Jikoki sun ce in na gama za su ɗora takardar a waya jama'a su karanta. Da can da na ce a'a, asirin gida ba na titi ba ne. Yau na ce su ɗora, in kin bi ni zuwa ƙasa za ki ga dalili.

Maganar a kan yaronki ce, Mai Tanka.

Bari in faɗa a fili saboda masu leƙowa ta kafaɗata, tunda ke kin sani. Ni na haife shi. Ɗan farina ne. Ranar suna aka sa masa sunan surukina, mahaifin Malam mijina, sai bakina ya sami kwaɗo biyu: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma kiran na suruki. Da na yaye shi kika zo da sabon zani kika goya shi zuwa unguwarku Nima, don Allah bai ba ki haihuwa ba, kuma dama haka muka tarar ana yi. Ya tashi yana ce miki Mma, ni yana ce mini Anti. Ni kuma ina ce masa Na Yaya, har ya girma ya fara tuƙa tankar ruwa na koma ce masa Mai Tanka. Shekara arba'in da bakwai, ko a mafarki ban kira shi da sunan yanka ba. In baƙo ya tambaya, amsata ɗaya ce, ta zauna mini a baki kamar bisimilla: ɗan yayata ne.

Abin da ya canja bayanki shi ne kati. Yanzu a ƙasar nan ko layin waya ba ka riƙewa sai da katin ɗan ƙasa. Mai Tanka kuwa gadon ubansa ya yi, komai "gobe, gobe", har kamfanin da yake yi wa tuƙi suka ce duk direban da bai kawo kati ba kafin ƙarshen watan nan ya ajiye makulli. 'Ya'yansa biyar, Yaya, kuma tankar nan ce tukunyarsu. Takardar haihuwa ba shi da ita. Doka ta ce wanda ba shi da takarda ya zo da ɗan'uwa mai kati ya rantse masa. To duba ki gani. Ubansa daga Dosso ya zo, ya rasu ba shi da takardar Gana ko ɗaya. Ke a Katsina aka haife ki, uwarki ta rasu a can, Baba ya taho da ke kina 'yar ƙarama. Ni kaɗai ce uwata 'yar Yendi, haifaffiyar ƙasa, ta wajenta na sami katina. Ƙofa ɗaya ce tal gare shi, kuma ni ce ƙofar.

Na san duk wannan kafin mu tafi, ba zan ce miki ban sani ba. Har sabon mayafi na yafa.

Ran Talata ta makon jiya muka je ofishin. Rabin Maamobi na can a kan benci ƙarƙashin rumfa, kowa da 'yar lambarsa a hannu. Da aka kira mu, na tarar da wata yarinya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar babbar jikata ba. Ta gaishe ni da ladabi da Tonanci, yaren Asante, ta jawo mini kujera. A kan teburinta ga Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle a gefe ɗaya, ga littafin Kirista a ɗaya gefen. Ɗakin ba shi da ƙyaure, labule ne, shi ma an ɗage shi saboda zafi. Ina zama na waiga, wa zan gani a bencin farko, taku uku daga bayana? Alhaji Hamidu, wan mijina, da sandarsa da jar hularsa, ya zo sabunta katinsa na baƙi. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Yarinyar ta nuna Mai Tanka da biro ta ce, "Hajiya, mene ne tsakaninki da wannan bawan Allah?"

Wallahi Yaya ban yi tunani ba. Bakin ne ya tafi shi kaɗai, kamar akuyar da ta san hanyar gida. Na ce, "Ɗan yayata ne."

Na ji yatsunta a kan na'ura, ƙat-ƙat-ƙat. Ina aka haifi yayar? Na ce Katsina. Uwa ɗaya kuke? Na ce uba dai ɗaya. Uban yaron fa? Na ce Dosso. Sai ƙat-ƙat ɗin ta tsaya. A nan ne na gane ramin da na haƙa.

Mai Tanka ya sunkuyo ya ce, "Madam, ita ce ta haife ni." Tun da yake a duniya bai taɓa faɗin haka a gabana ba. Ni kuma, don Shaiɗan ya ƙarasa aikinsa, sai na yi 'yar dariyar nan tawa da kika tsana, na ce, "Ji mini yaro da rashin kunya."

Yarinyar ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, ba wasa muke yi a nan ba. In ɗanki ne, faɗa mini cikakken sunansa." Na buɗe baki. Sai na ji tarin Alhaji Hamidu a bayana, kuma sunan ubansa ne fa ake so in kira. Na dubi Alƙur'ani, na dubi fanka, na dubi ƙafata. Sunan yana nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi, bai fita ba, bai koma ba. Ta jira ni, Allah Ya sani ta jira. Sannan ta ce ba za ta ɗora hannuna a kan littafin Allah da magana biyu ba, kuma abin da na fara faɗa ya riga ya shiga na'ura, ba ta da ikon gogewa. Za a tura mu gaban kwamitin bincike. In sun gamsu, ya sami kati. In ba su gamsu ba, a rubuta shi baƙo. Ta rage murya don kada na benci su ji, ta ce in sani rantsuwar ƙarya hukuncinta yana kaiwa har kurkuku.

A waje bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Ya tare mini mota, ya buɗe mini ƙofa, sannan ya sunkuyo ta taga ya ce, "Anti, shekara arba'in da bakwai ina jira ki faɗa sau ɗaya. Na ɗauka yau ce." Motar ta tashi.

Tun ranar, burodin da yake kawo mini kowace safiya bai yanke ba, sai dai a ƙusar ƙofa yake rataye shi. Ina jin tankar tana wucewa ta gaban rumfata, ba ya yin hon ɗin nan guda biyu.

Kwana uku na yi ina zagin yarinyar a raina. Na ce 'yar boko, ba ta san kunya ba, uwarta ba ta koya mata komai ba. A rana ta huɗu ina tace gasara sai gaskiya ta zo ta zauna kusa da ni. Me ta yi? Tambaya ta yi, na ba ta amsa. Da ta goge maganata saboda na ba ta tausayi, gobe sai ta goge ta wani saboda ya ba ta kuɗi. Ni da kaina da nake sayar da koko, in na cika wa ɗaya ludayi na rage wa ɗaya, kafin azahar layin ya watse.

Abin da ke ci mini rai daban ne, kuma shi ba zan haɗiye shi ba. A gabanmu wani ya shiga da ƙanensa, sunansu irin na kudu. Kafin in gyara mayafina sun fito suna dariya. Ba wanda ya tambaye su inda aka binne cibiyar kakarsu. Mu kuwa da an ji Musa ko Amina sai a gyara zama, a fara hawa bishiyar dangi reshe-reshe. A nan aka haife mu, a nan muka binne iyaye, kowace safiya mai tikitin kasuwa yana sanin rumfata ba tare da ya tambayi garin kakana ba. Ban ce kada a tambaya ba. Na ce in mudu ne, a auna wa kowa da shi.

Kuma Yaya, kin san ba yau aka fara tambayarmu ba.

Kina tuna shekarar korar baƙi? Ina da shekara goma, ke kin zama budurwa. Manyan motoci a jere a bakin titi, mutane suna sayar da gado da kwanuka a kan kuɗin goro. Baba ya hau da akwatinsa ya ce bayan salla zai aiko a ɗauke ki in ya sami wuri. Har yau bayan sallar ba ta zo ba. Kwana kaɗan 'yan sanda biyu suka shigo gidanmu. Inna tana daka, ko taɓarya ba ta ajiye ba. Ɗaya ya nuna ki ya ce wannan fa? Inna ta ce, "Wannan? Ni na haife ta, kwana biyu ina naƙuda, har yau bayana bai daidaita ba." Ya dubi tsagen fuskarki, ya dubi nata, ya ce ba iri ɗaya ba ne. Ta ce, "Ubanta ya yi mata, ni ina da iko da aska?" Ta ci gaba da daka. Ni ina gefe riƙe da hannunki. Da suka fita Inna ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa, ta kasa tashi har la'asar.

Kwana nawa nake juya wannan a raina. Inna ta tsaya gaban hukuma ta rungumi 'yar da ba ta haifa ba. Ni 'yarta na tsaya gaban hukuma na yar da ɗan da na haifa. In kun haɗu a can, don Allah kada ki gaya mata tukuna. Ki bari sai gobe ta wuce.

Yanzu ga wani laifin, gara ki ji daga bakina. Ran Litinin na ƙulle kuɗin adashina a bakin zani na koma ofishin ni kaɗai. Ban shiga ba. Akwai wasu mutane da ke tsayawa ƙarƙashin bishiya a tsallaken titi, 'yan goro ake ce musu, wai sun san ƙofar baya ta kowane ofis. Na sami wani mai tumbi da waya biyu. Ya saurare ni yana sakace, ya ce, "Hajiya, ƙaramin abu ne. A bar wancan fayil ya mutu. Mu buɗe sabo a wani gari. Ina da wata tsohuwa mai kati, ita za ta rantse ita ce uwarsa." Na ce wace tsohuwa? Ya ce, "Ina ruwanki da sunanta? Ta haifi mutum ya fi ashirin a watan nan."

Na tsaya ina kallonsa. Yaro yana da uwa biyu, ɗaya a kabari, ɗaya bakinta a kulle, ga shi zan saya masa ta uku a gindin bishiya. Jikokina su tashi da sunan wata baƙuwa a matsayin kakarsu, ranar da aka kama tsohuwar a kama da su. Na ce, "Malam, gai da mai jego." Na ƙara ƙulle bakin zanina na tsallaka titi. Saura kaɗan in kwance masa kuɗin, ba zan ɓoye miki ba.

Daga can na wuce wurin kansilan unguwa. Ya ce in kawo duk takardar da ke nuna ni ce uwa, da shaidu. Yaya, kin san aikin da muka yi ni da ke? Mun yi shi da kyau har ya fi ƙarfinmu. Takardar makaranta, sunanki. Takardar aurensa, sunanki. Ranar sadakar ukunki a lasifika aka ce kin bar ɗa ɗaya, duk Nima ta ji. Matarsa ma sai da ta haihu biyu ta san ni ce surukar, duk lokacin tana zuwa tana kawo mini ƙararki ina ba ta gaskiya. Ungozoma ta rasu, wanzami ya rasu, limamin da ya raɗa sunan ya rasu. Kansila ya ce akwai gwajin jini, amma abin watanni ne, mu kuwa kwana tara suka rage wa wata.

Sai na buɗe adakarki. Shekara shida tana ƙarƙashin gadona ban taɓa ta ba. Ƙamshin turarenki ya fara fitowa, sai da na zauna. Ashe atamfofin da kika ce sun ƙare suna nan guda huɗu, marowaciya, har da mai ganyen nan da na roƙe ki sau uku. A can ƙasa, cikin leda, na sami katin awonsa na asibiti. Na ce Alhamdu lillahi. Na buɗe. Ruwan da ya shiga ɗakinki shekarar da kwatar Nima ta cika ya cinye rabinsa. Sunan yaro yana nan raɗau. Wurin sunan uwa kuwa, shuɗin tawada ne kawai kamar an zuba bula. Na yi dariya har hawaye. Takarda ta iya kiran sunansa, ni ce dai ba ta sani ba.

Shaida ɗaya ya rage mini a duniya wanda ya ci naman sunan, kuma kin san ko wane ne. Jiya bayan la'asar na ɗauki ƙafa na je gidan Alhaji Hamidu a unguwar Alajo. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar amarya, gwiwoyina suna ƙara. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Azumi, na ji komai ranar nan. Tarin da na yi, so nake in ce miki ki faɗa, sai ya sarƙe ni." Ka ji tsoho! Tarinsa ya kashe ni, ashe taimako ya zo yi. Ya ce zai zo gobe da sandarsa ya faɗi abin da ya gani. Sannan ya ce, "Babanmu ya fi shekara hamsin a ƙasa. Sunansa ba zai tashe shi ba. Ki kira, in akwai laifi na ɗauke miki."

Kwaɗo ɗaya ya buɗe ke nan. Na dawo gida ina murna, na ce bari in gwada. Na rufe ƙofa, na tsaya gaban tukunyar koko na ce ke ce shugabar kwamiti. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Na gwada da kyanwar maƙwabta, ta kalle ni ta fita. Na gwada a kan darduma bayan sallama, harafin farko ya fito, sauran ya tsaya. Ni Azumi, da na taɓa mayar wa direban mota zagi da yare huɗu har fasinjoji suka tafa.

A nan na gane kwaɗo na biyu ba al'ada kaɗai ba ce. Mata nawa ne sa'o'ina yanzu suke kiran 'yan farinsu a waya suna kwarara suna har maƙwabta su ji? Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba.

Ranar da kika goya shi, na raka ku har bakin kwata ina zolayarki, ina cewa ki shirya wankin zani don yaron ba ya sallama kafin ya yi fitsari. Kika juyo kika ce, "Aro kika ba ni, Azumi. Ranar da kike son kayanki, ki zo ki ɗauka." Na ce wa ke son wannan mai kukan? Na dawo gida nonona yana zuba, na shiga banɗaki na toshe bakina da zani. Sati biyu ina jin kukansa a kunnena alhali yana Nima. Sai na gano in ban kira sunansa ba, abin yana yi mini sauƙi. In na ce Na Yaya, sai zuciyata ta yarda na ɗan lokaci. Kunya ta zame mini mayafi, na lulluɓa, kowa yana yabona, wai Azumi akwai kara.

Kuma na ga yadda kike kallona duk ranar da ya yi zazzaɓi na zo dubiya. Kina ba ni kujera, kina ba ni ruwa, amma idonki yana kan hannuna, ko yau ce zan ce a ba ni kayana. Na rantse a raina ba za ki taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Kin rasu ba ki ji ta ba, kuma ban yi nadama ba. Ke kika yi jinyar ƙyandarsa. Ke kika sayar da sarƙarki ya koyi tuƙi. Ke ya yi wa kuka a makara kamar ƙaramin yaro, ni ina gefe ina ba shi haƙuri a matsayin anti.

Abin da ban lissafa ba shi ne shi. Na ɗauka tsakanina da ke ne. Ban san yaro yana tsaye a tsakiya yana jira ba.

Yau da safe na yi masa kwanto. Ina jin motsin leda a ƙusa na buɗe ƙofa. Ya rame, Yaya, furfura ta fito masa a gemu, ban san yaushe ba. Na ce, "Mai Tanka, ƙusar ce take gaishe ka yanzu?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Anti, ƙarfe bakwai zan zo in ɗauke ki. Amma in kin san ba za ki iya ba, ki faɗa mini yanzu. Gara a rubuta ni baƙo ba na wurin, da a sake yi a gabana." Na ce ka zo. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ka zo da mota mai kyau, ba zan hau tanka da sabon mayafi ba. Ya juya ya tafi. Ban san ko ya yarda ba.

Ban san me mutum ukun nan za su yi ba. Wataƙila su ce tsohuwar da ta yi magana biyu ba a kama ta uku. Wataƙila su ce Alhaji baƙo ne, shaidarsa ba ta da nauyi. Na haɗa 'yar jaka da carbi da maganin hawan jini, ko da za a ce in kwana can, kada ki yi dariya. Abin da zan gaya musu na tsara shi. Zan ce na yi ƙarya ranar Talata, ba don in cuci gwamnati ba, ƙarya ce da na saba yi tun kafin a haifi wasunsu, kuma a wurinmu sunanta ladabi. Zan ce doka ta yi daidai da ta ƙi karɓar magana biyu, ga guda ɗaya na kawo, a ɗora hannuna a kan Alƙur'ani. Maganar mudu kuwa, Alhaji ya ce in riƙe ta sai kati ya shigo hannu. Zan yi ƙoƙari, amma kin san ni.

Sai dai ba zan iya faɗa wa baƙi abin da ban fara faɗa miki ba. Shi ya sa na zauna tun azahar da wannan biro, koko ma yau ban dama na yamma ba. Shi ya sa kuma na ce a ɗora takardar kowa ya gani, Nima da Maamobi da Alajo, don in na wayi gari bakina ya so komawa hanyar akuya, ya tarar an riga an toshe ta.

Yaya Talatu, na zo karɓar arona. Ba duka ba. Mma taki ce har abada, ba zan taɓa ce masa ya kira ni da ita ba, Anti ta ishe ni. Layi ɗaya kawai nake so a takardar gwamnati, inda ruwa ya wanke. Ki yafe mini, ki sake mini hannu.

Ki ga yadda rubutun ya karkace. Bismillahi.

Idrisu.

Sunansa Idrisu. Na haife shi ranar Laraba ana ruwan sama, a ɗakin Inna, yana da tabo a bayan kunnen hagu. Idrisu ɗana ne. Na rubuta, sannan na karanta da ƙarfi, sau uku, har maƙwabciya ta leƙo ta ce wa nake kira. Na ce ɗana. Rufin ɗaki bai faɗo ba, Yaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya saka miki da gidan Aljanna a kan kowane dare da kika yi a kansa. Allah Ya jiƙan Inna da Baba da Malam. Allah Ya ba mutum ukun nan kunnen jin gaskiya, Ya ba shugabanninmu mudu ɗaya na auna wa kowa. Ya tsare wa yaron nan makullinsa da mutuncinsa a ƙasar da aka haife shi. Ni kuma Ya sake mini harshe gobe da ƙarfe tara, ko da daga nan zai kama shi har sati, na san mutane da yawa za su gode.

Atamfa mai ganyen na ɗauka, ita zan ɗaura gobe. In kina da magana, sai mun haɗu.

Wassalam. Taki har kullum,

Azumi mai koko,
uwar Idrisu.